Latin Ɗina da Miyar Dangin Ango

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi Latin a gaban surukan yayata ba.

Lokacin ina sakandare a Yendi, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Akwai wani tsohon Fada, limamin coci, da ke koya mana tarihi. Duk sanda ya taka ƙafar ɗaliba ko ya ture mata tawada, sai ya dafe ƙirji ya ce da yaren Latin, "Mea culpa." Ban taɓa tambayar kowa ba, na yanke wa kaina cewa "sannu" yake nufi. (Da na koma Salaga hutu, har akuyarmu na faɗa wa ranar da ta gurɗe ƙafa.)

Da aka yi bikin Yaya Rakiya, muka raka ta ɗakinta a Bawku. Kakarmu ta ce miyar dangin ango ita za ta yi da hannunta, don ita ta goyi amarya. Mantuwa ta fara kama ta a lokacin, amma ba mai iya hana ta. Ni aka ba kwanuka na kai zaure.

Kawun ango, wani lauya mai furfura, yana kai loma sai tari ya turnuƙe shi. Gishiri ne kamar da gayya aka zuba. Na ga dama ta samu (lauya ne fa, ya kamata ya san gidanmu ma ana karatu), na durƙusa na dafe ƙirji.

"Mea culpa, Kawu."

Ya share hawaye ya dube ni. "Ke ce?"

Na zaci mai Latin ɗin yake tambaya. "Ni ce, Kawu."

Ya juya ga mutanensa. "Kun ji yarinya mai gaskiya. Culpa laifi ne, mea kuma nawa. Ta ce ita ta zuba gishirin."

Dariya ta ɓarke. Kafin in isa cikin gida labari ya riga ni. Mahaifiyata ta tare ni a ƙofa: "Wa ya aike ki bakin tukunya?"

Na buɗe baki zan kare kaina, sai na hango Kaka zaune gefen murhu, ludayi a hannu, idonta ya cika da ƙwalla. Ta tuna sau biyu ta zuba gishirin. Na rufe bakina na sha faɗa.

Bayan la'asar Kaka ta kira ni, ta kwantar da kaina a cinyarta tana gyara mini kitso.

"'Yar nan, wane yare ne wannan da kika rufa mini asiri da shi?"

"Kaka, ni ma yau na san ma'anarsa."

Ta yi dariya har cinyarta na rawa. "To, Allah ya yi muku albarka, ke da yaren."

Har yau Mai Gishiri ake kirana a Bawku, 'ya'yan Yaya ma ba sa bari in matso kusa da tukunya. Shawarata dai, kada ki gwada baƙon yare a gaban lauya, sai in kina da kakar da za ki ɗaukar wa laifi.