Ramin Turkawa

Cikin shekarun alif ɗari tara da sittin Kawu Sule ya zo Hajji, ni kuwa na daɗe a Makka har na ɗauki kaina masanin gari. Bayan Arfa na hau da shi dutsen Ajyad ya ga tsohon sansanin Turkawa.

A gindin bangon sansanin muka tarar da dogon rami mai baƙin ruwa. Na gyara tsayuwa.

"Kawu, wannan ne ya hana maƙiya shiga. Zurfinsa zai shanye raƙumi da mahayinsa."

"A garin da ake sayen ruwa a garwa?"

"Ai Turkawa ne, Kawu."

Na karɓi sandarsa in auna masa, na sunkuya, santsi ya kwashe ni. Ban iya ruwa ba, sai na runtse ido ina kalmar shahada da ƙarfi.

"Tashi, ɗan nan," in ji Kawu. "Ko gwiwarka bai kai ba."

Ashe ruwan wankin masu gadi ne.

Kawu ya kai labarin Kano. Har yau duk alhajin unguwarmu da ya sauka, kafin ya tambayi hanyar Harami sai ya nemi ganin maƙiyin da ramin Turkawa ya kama.