Mutumin da Ba Ya Taka Ƙasa

A duk unguwarmu da ke gefen Johannesburg, daga gidan mai har bakin rafi, babu mahayin keke kamar Ntate Sekhonyana. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa ya fi shi sani? Kekensa giya ashirin da biyu, gorar ruwa biyu, fitila uku ko da rana tsaka. Rigarsa ta matse shi har kana iya ƙirga abin da ya karya da shi. Yara na kiransa Guguwar Rafi, shi kuma yana amsawa.

Hanyar da guguwar ke kaɗawa kilomita shida ce, gada biyu, benci tara, tudu ko ɗaya babu. Kowace Asabar da hantsi iyalai ke bin ta, Gogo Nokwanda a gaba da usur a wuya, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bana gwiwarta ta ce ta gaji. Gogo ta ce za ta bar wa wani usur ɗin, sharaɗi ɗaya: wanda ya fita da jama'a ya dawo da su cif. Ntate ya yi mako biyu yana shafa wuyansa.

Ranar gwaji mu ashirin da uku ne, ban da kare. Ntate ya iso da sababbin takalma, irin masu maƙalewa a feda su ce ƙas. Bai sauko ba. Ya dafa bishiya, daga kan sirdi ya yi jawabi.

"Jama'a, keke ilimi ne. Ni a zamanina, daga nan har Maseru ban sa ƙafa a ƙasa ba."

"Ntate, ba a bas ka je ba?" in ji Ausi Dikeledi mai toya magwinya, fanken ƙasar nan.

"Ausi, bas ɗin ne ya biyo ni a baya."

Matarsa, Mme Limpho, ta dube shi. Ta koma can baya wurin yara bakwai masu ƙananan kekuna.

Aka tashi. Kafin ka ce kwabo Guguwa ya ɓace. A gada ta farko muka same shi yana jiranmu, riƙe da ƙarfen gada. A benci na huɗu, rungume da turken allo. Na ƙirga: bishiya huɗu, turke biyu, da kafaɗar wani mai sassarfa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Muka ce, ka ga manya, ƙasa ba ta isa ta taɓa su ba.

To, a kilomita na biyar akwai mashigi, inda ruwan rafi ke bi ta kan siminti. Zurfinsa yatsa huɗu, amma gansakukar wurin ta fi kuɓewa santsi. Tun da aka fara wannan fita, kowa sauka yake ya tura kekensa, babba ya riƙe hannun ƙarami. Kuma taku goma ta kowane gefe, babu bishiya, babu turke.

Muka iske Ntate yana kewaye filin kamar mai neman allura. Sau uku ya zaga.

Gogo ta busa usur. "Sekhonyana, ɗana, sauka!"

"Gogo, sauka ai ta 'yan koyo ce!"

Ya nufi ruwa. Ba a taɓa ganin faɗuwa mai natsuwa irin wannan ba: a hankali, cikin mutunci, kamar tsohon garu a damina. Taya biyu sama, ƙafa biyu manne da feda, kunkuru a rigingine. Kare ya matso ya sansana shi.

"Kada kowa ya taɓa ni," in ji shi daga ƙasa. "Zurfin nake aunawa saboda yara."

Mme Limpho ce ta iso ƙarshe. Ta ƙetarar da yaranta bakwai ɗaya bayan ɗaya tukuna, sannan ta dawo ta kama dunduniyar mijinta ta murɗa waje. Ƙas. Ƙas.

"Kwana tara ni ke cire shi a ƙofar gida," ta ce wa Gogo. "Na ce Ntate, dunduniya ake murɗawa. Ya ce ba a koya wa kifi iyo."

"To ga kifi a ruwa," in ji Ausi Dikeledi.

A ƙarshen hanya na ƙirga: ashirin da uku, ashirin da biyu a kan keke, ɗaya ya tuɓe takalma, da safa yana turawa. Gogo ta tambayi yara wa ya dawo da su. Yatsu bakwai suka nuna wuri ɗaya. A hanya Mme Limpho ta mayar da sarƙar keke sau biyu, ta share hawaye sau ɗaya, ta tsamo miji ɗaya. Gogo ta rataya mata usur.

Yanzu in ka haɗu da Ntate, zai gaya maka usur a gidansa yake. Gaskiya ne, yana nan a jikin ƙusa bayan ƙofa. Ranar Laraba da Mme ta tafi aiki ya ɗauko shi ya busa sau biyu. Karen maƙwabta ne ya leƙo, ya ga wane ne, ya koma ya kwanta.