Ranar da Sakatar Bindiga Ta Tona Asirin Bahago

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fasa wa kaina leɓe a gaban surukina ba, a shagon wani maƙerin bindiga a Landan, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Ni bahago ne. Haka aka haife ni, amma tun ina ƙarami aka yi ta ƙwala mini ludayi a bayan hannu har na koyi ci da rubutu da dama. Na girma ina jin abin kamar wani aibu da ake ɓoyewa. Da na auri Maryam, sai na ƙara ƙaimi, domin mahaifinta, Alhaji, mutum ne mai lura da komai, kuma ni na ƙudurta ba zai taɓa samuna da wata kasawa ba (har gyaran hula nake yi da dama in yana wurin).

Alhaji yana da gida a unguwar Marylebone da ke Landan, kuma duk kaka sai ya je Scotland farautar barewa. Ni kuwa mai haɗa magani ne a unguwar Camberwell, ban taɓa kashe abin da ya wuce sauro ba. Don in samu shiga wurinsa na shiga kulob ɗin harbi, na sha zirga-zirga har 'yan sanda suka ba ni lasisi. A kulob, inda babu wanda ya san dangin matata, da hagu nake harbi, kuma wallahi ba laifi ina samu.

Rannan Alhaji ya kira ni. "Na kama mana rana wurin maƙerin bindigata. Zan sa a ƙera maka taka, ta harbin nesa, bana tare za mu hau dutse." Na ce, "Allah Ya ƙara girma, Baba," ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Maƙerin, wani dattijon Bature mai magana a hankali, ya shimfiɗa ƙarafa a kan tebur. Ya ce kafin a yi zancen bututu ko ƙota, sai an zaɓi abin da suke kira receiver, wato uwar bindigar, inda sakata ke shiga da fita tana tura harsashi. Tunda harsashin harbin nesa, wanda suke kira magnum, dogo ne, dole uwar ta zama doguwa, sakatar ma ta ja baya sosai. Sai ya jefo tambayar da ban shirya mata ba: ta dama za a yi, ko ta hagu? Ya ƙara da cewa in an ƙera an ƙera, ba a juyawa.

Na saci kallon Alhaji. Yana zaune ya harɗe ƙafa, yana jan carbi. Na ce, "Dama mana!" da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

Maƙerin ya ɗauko wata bindigar gwaji mai madubin hangen nesa a kanta, ya nuna mana babu komai a cikinta, ya ce in ɗora a kafaɗa in duba wani ɗigo a bango. Na ɗora a dama. Idona na dama ya ƙi ganin komai sai duhu. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na karkato da kai a kan ƙotar, ina laluben madubin da idon hagu, wuyana a murɗe kamar na kazar da ke kallon shirwa. Ya ce in ja sakata, da sauri, kamar barewa na shirin gudu. Na fizgo ta da dukkan ƙarfina.

Ƙarfen nan ya sauka a kan leɓena na sama. Na ga taurari. Jini ya fara ɗiga a kan farar shaddar da ta sha guga saboda ranar. Alhaji ya miƙo mini hankici, ni kuma cikin ruɗewa na miƙa hannu na karɓa. Sai da na dafe baki na lura da wane hannu na karɓa daga wurin surukina. Na so ƙasa ta tsage.

Sai Alhaji ya fara dariya, irin wadda ke girgiza kafaɗa, har carbin ya faɗi. Ya ce wa maƙerin da Turanci a rubuta ta hagu, sannan ya juyo gare ni. "Kai yanzu har ka ɗauka ba mu sani ba? Tun ranar da ka fara zuwa gaisuwa na ga yadda ka kama ƙofar mota. A gida ai Bahagon Maryam ake ce maka."

Na ce, ta cikin hankici, ina nufin mahaifiyar Maryam, "Baba, har su Hajiya?"

"Ita ta raɗa sunan." Ya tsagaita da dariyar. "Tuwo aka ce ka ci da dama, kuma kana ci. Amma ka hau dutse da bindigar da ba ta hannunka ba, ka raunata dabba ta gudu tana wahala, wannan ne ba zan yafe ba."

Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya sauka. Maƙerin ya kawo ta hagu, na ɗora, ɗigon bangon ya fito tar, sakatar ta wuce gefen fuskata lafiya lau. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi kama da maharbi." Da kumburarren baki na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa gida, ina murmushin gefe ɗaya, mutane na kauda kai.

Abin da na koya shi ne, in kana ɓoye wa surukanka wani abu, ka fara tambayar matarka sunan da suke kiranka da shi. Na tambayi Maryam me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce ai kallon yadda nake fama da cokali mai yatsu a gidansu yana cikin abubuwan da ke haɗa kan danginsu, ba ta so ta raba su da shi.