Sanda Ta Tsaya a Kafaɗa

"Ina kwana, tsohon miji? Ashe kana nan?"

"Ina nan daram, sai na ga aurenki da wani marar sa'a."

Tun da ciwon ɓarin jiki ya kayar da Kaka bai ƙara taɓa sandar wasan golf ba, shi da a da ko abinci sai an bi shi da shi fili. Likita ya ce hannun dama zai dawo in ana motsa shi, amma tsohon ya ƙi. Tsoro yake ji kar ya ɗaga ya tarar hannun ya tafi ke nan. Jikarsa ta sani sarai. Ta ajiye ƙwallo a kan ciyawar bayan gida ta miƙa masa sanda.

"Tashi ka buga. Ba na zama da rago."

"Ni ne rago? Yarinya, ni da nake kai sanda baya har ta leƙa aljihuna na hagu? Ke fa, ɗagin naki kamar mai korar kaji."

"Mai korar kajin ce dai ta cinye ka bara."

"Tausayinki na ji, kar ki yi kuka a gaban mutane."

"To yau ma tausaya min. Tashi."

Ya miƙe da ƙyar. Ya riƙe sandar, ya fara jan ta baya a hankali. Hannun ya ɗauki rawa. Sanda na isa kafaɗa ta tsaya cak. Ya yunƙura, ta ƙi gaba. Gumi ya keto masa.

"Ya ƙi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kin gani ko? Ya mutu."

Ta ji kuka na taso mata. Ta haɗiye shi, ta murguɗa baki.

"Wa ya ce sai ka sosa bayanka da ita? Daman wannan dogon ɗagin naka burga ce, rabin ƙwallayenka a cikin bishiyoyi suke kwana. Nan ɗin ya isa. Juya kafaɗa, ka bar hannu ya bi ta."

"In na faɗi fa?"

"Sai in gaje sandunan."

"Muguwa! Daman su kike hari."

"Sauko da ita, Kaka. Ina bayanka."

Ya rintse ido, ya buɗe, ya sauko da sanda. Ƙwal! Ƙwallo ta tashi, ba nisa sosai ba, amma miƙe, ta je ta daki katanga.

Sai tsohon ya fashe da dariya, idonsa jiƙe.

"Shi ke nan, kin ci. Daga yau irin ɗaginki zan koya, amma in kika gaya wa abokaina na sake ki."

"Saki na nawa ke nan?"

"Zo dai ki riƙe min hannun nan tukuna. Rawa yake."

Ta kama shi da hannu biyu.

"Sai ka yi haƙuri da nawa, shi ma rawar yake."