Ranar Da Injiniya Ya Yi Wa Shafin Surukinsa Ƙaura

"Ni fa intanet a tafin hannuna take," in ji Injiniya. Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa, shi ya raɗa wa kansa. Ko tocila bai taɓa gyarawa ta kama ba.

Surukinsa yana da kamfanin feshin maganin ƙwari. Shekara shida ke nan, duk wanda ya rubuta "maganin ɓera" a intanet, shafin tsohon ne ke fara fitowa, kuma ta nan kwastomomi ke samun lambarsa.

"Baba, kamfanin da ke ajiye muku shafin nan ya cika nawa. Ku bari in mayar da shi wani, ya riƙa buɗewa kafin a ƙifta ido."

"Mu ne na ɗaya. Me kuma muke nema?"

"Gaban ɗaya, Baba."

Tsoho ya ji nauyinsa, ya ba shi lambar sirri. Gogan naka ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fara da rufe tsohuwar ma'ajiya tukuna. Sai da aka goge komai tas ya tuna ko hoto ɗaya bai kwafa ba. Kai, jama'a!

Kwana tara ke nan shafi a mace. Injin bincike ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ji shiru, ya ba wasu gurbin. Waya ta yi tsit. Ma'aikata suka koma wanke tankunan feshin da ba su yi datti ba.

"Yanzu mu ne na nawa?" in ji matar Injiniya.

"Na casa'in da huɗu. Hutawa muke yi."

Fariyar baki ce kawai. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya duƙufa ya sake rubuta shafin da ka. Hotunan ɓeraye kuwa babu, sai ya toshe gurbin da hoto ɗaya tilo mai kyau da ke kwamfutarsa: shi ne sanye da kwat, ya dafe haɓa. Wai na wucin gadi. Ya kuwa manta.

Bayan mako uku shafi ya farfaɗo. Sarkin shirme ya faɗa ofis yana haki.

"Baba, mun dawo! Ai na gaya muku!"

Tsoho ya sa tabarau, ya rubuta "maganin ɓera". Ga su a sama kuwa. Ga hoton Injiniya yana murmushi, a ƙasansa an rubuta: "Irin wannan ne ya addabi gidanku? Kira mu, yau za mu raba ku da shi."

Nan take waya ta yi ƙara. Tsoho ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Wata dattijuwa ce.

"Don Allah, irin wanda kuka sa a hoton nan, da gaske kuna fitar da shi? Akwai ɗaya kwance a falona, mijin 'yata ne."

Tsoho ya dubi Injiniya ta saman tabarau.

"Baiwar Allah, sai haƙuri. Wannan irin mu ma ya gagare mu."