Bayan da Ya Goye Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙa mini makirfo a gidan renon unguwarmu ba, nan Nassarawa GRA, aka ce in ba da tarihinsa. An zaɓe ni ne saboda ina cikin yaran farko da aka raina a wurin, kuma (a faɗi gaskiya) kowa ya san ba na ƙin makirfo. Kwamiti ya ce wanda na ambata a matsayin mai kafa wurin, sunansa za a rubuta a allo a kafa a bango. Ban tambayi kowa komai ba. Ni da aka yi abin a kan idona?

A lokacin mahaifiyata malamar asibiti ce, takan ajiye ni da sassafe ta wuce aiki. Abin da ya rage mini na waɗannan shekaru kamar mafarki yake. Bishiyar mangwaro a bayan gida, rana tana ɗigowa ta tsakanin ganye, 'ya'yan direbobi da na masu gadi da na ma'aikata duk mun baje a tabarma. Sai kuma wani baya mai ɗumi, mai ƙamshin man kaɗanya da hayaƙi, yana jijjiga ni a hankali har ganyen ya narke a idona. Fuska kam ban riƙe ba, wanda aka goya ai ƙeya kawai yake gani. Amma tunda kowa "gidan Hajiya" yake kiran wurin, sai na ɗora wa wannan baya fuskar Hajiya, na zauna da ita haka shekara da shekaru.

Ranar taro na sha leshi, na kafa ɗauri. Hajiya mai gidan tana kujerar gaba da sandarta. Na zayyana yadda ta dubi wahalar mata masu fita aiki, ta buɗe musu ƙofarta kyauta. Da na zo kan goyon, muryata ta soma rawa (wannan kam ba shiri ba ne). Na juya gare ta na ce, "Hajiya, har gobe ina jin ɗumin bayanki." Mata suka fara share ido da bakin mayafi, ni kuwa ina can sama ina shawagi.

Hajiya ta ɗaga hannu. Na ɗauka albarka za ta sa mini, na durƙusa na kai mata makirfo har baki.

"'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, amma ni ko 'ya'yana ban goya ba, bayana ba ya so," in ji ta. "An daɗe ana renon nan a bayan gidana ban ma sani ba. Talatu ce, mai dafa mana abinci. Matar mai gadin maƙwabta ta samu aikin shara, ta rasa inda za ta bar jaririnta, Talatu ta karɓa. Kafin a ce me, ɗakinta ya cika. Da na gano, faɗa na fara yi. Daga baya ne na ba su gareji."

Lasifika ta kai maganar har titi. Ni dai ina nan durƙushe.

Aka shiga neman Iya Talatu. Ba ta cikin masu kujera, tana bayan rumfa tana zuba wa baƙi zoɓo, da jaririn wata mata a bayanta. Tsohuwar da nake wucewa da "sannu Iya" ko tsayawa ba na yi. Wannan ya fi kunyar yi mini ciwo.

Aka jawo ta gaba tana noƙewa. Ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ashe ke ce mai fitsarin nan? Zanina uku kika kashe." Makirfon yana hannuna, a kunne. Wurin ya kece da dariya, har da mijina, wanda na ji muryarsa ta fi ta kowa.

Sunanta aka rubuta a saman allon. Ba ta yi boko ba, don haka ni aka sa na karanta mata. Ta gyara goyonta, ta ce in sake. Na sake karanta mata.

Tun daga ranar, in aka ce in ba da tarihin wani gida, ta kicin nake shiga.