Taron Kujeru Arba'in

Satina biyu da barin teburin kwamfuta na koma sashen nemo abokan hulɗa a ƙungiyarmu, wadda ke aika wa manoma labarin yanayi ta waya kyauta, sai na ce a bar mini manoman albasar Aliero. Shugabarmu, Hajiya Kulu, ta ce in shawarci direbanmu Malam Sani kafin in tsayar da ranar taro da su. Ni da na haddace dabarun talla, me direba zai gaya mini?

Na jera kujeru arba'in, na sa aka dafa shinkafa, na kafa sabuwar hula. Har azahar ba kowa, sai wani tsoho da ya tsayar da kekensa ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, wanga taro na wa? Yau fa kasuwar Jega ke ci, manoma duk suna can."

Na kira Hajiya ina jiran faɗa. Ta ce, "Ɗauko tukunyar, mu iske su can." A rumfar albasa manoman suka ci, suka amince da mu, suka sa hannu.

Allah ya saka mata da alheri. Amma har yau Malam Sani bai daina tambayata ko kujerun sun sa hannu ba.